Tsufan da Na Ƙera a Jurf

Ran da na sauka Madina ban shiga Harami ba. Motar da ta ɗauko ni daga filin jirgi ta bayan gari ta bi da ni, sai hasumiyoyi na hango daga nesa. Na yi salati, direban bai ko rage gudu ba. A unguwar Jurf ya ajiye ni, bakin wata ƙatuwar ƙofar ƙarfe, ya ce in jira mai wurin.

Sunana Haladu. Shekara goma sha tara na yi ina gyaran rediyo da amfilifaya a Fagge, a shagon Malam Bala, wanda ya koya mini sana'ar. Mutumin da ya yi mini hanyar Saudiyya cewa ya yi shagon gyaran kayan sauti zan je, mai sanyi, inda ake kawo lasifikokin masallatai da na ɗakunan biki. Da aka buɗe ƙofar sai na ga sito ne na gwangwan. Matattun firji, talabijin, injin wanki da tarin waya, an jibge su har kusa da rufin kwano.

Kafilina, wato wanda takarduna ke hannunsa, Abu Rayan ake ce masa. Baƙar fata ne kamar ni, kakansa daga ƙasar Haɗeja ya zo aikin hajji da ƙafa bai koma ba. Da na ji haka sai raina ya yi sanyi, na ce na faɗo hannun ɗan'uwa. Na rusuna na ce, "Ranka ya daɗe, mun same ku lafiya?"

Ya ji ni sarai. Amma da Larabci ya amsa, kalma ɗaya: "Jawaz." Ya miƙo hannu, na ba shi fasfo ɗina, ya zura a aljihun jallabiya.

Aikina shi ne in fasa. Guduma aka ba ni da filaya, in ware jan ƙarfe gefe, alminiyam gefe, roba gefe. Sau da yawa sai in ɗauko rediyon da na san abin da ke damunta bai fi a taɓa ta da dalma sau ɗaya ba, in juya ta, in dube ta, sannan in ɗora mata guduma. Wata bakwai ina wannan. A cikin watannin nan matata Rabi ta haifi 'ya mace. A waya na yi mata huɗuba, ina tsugune bayan wani mataccen firji don kada ƙarar guduma ta shiga kunnenta.

Juma'a ce kaɗai tawa. In an sauko daga masallaci sai in gangara unguwar Ƙurban, gidan wata tsohuwa, Hajiya Zainaba, wadda ke yin waina da miyar taushe tana sayar wa irinmu. A Sudan aka haife ta, iyayenta na kan hanyar hajji, Hausarta duk ta cakuɗe da Larabci. Ran farko da ta ga hannuna duk yanka sai ta ce, "Ya waladi, wannan hannun ba na mai fasa ƙarfe ba ne. Wa ya cuce ka?" Ta ƙara mini waina biyu, ta kau da kai don in samu in share idona.

A tsakar gidanta na haɗu da Dakta Mukhtar, ɗan Zariya, mai haɗa magunguna a wani asibiti. Dattijo ne mai furfura a gemu, ya girme ni da kusan shekara ashirin. Irin su ba su cika zama da irinmu ba, amma shi a tabarma yake zama, ya sa hannu a kwano ɗaya da mu. Shi ya kawo mini man shafawa don hannuna. Da zazzaɓi ya kayar da ni, har Jurf ya zo da magani da lemo, ya zauna kan jarka yana jira in haɗiye. Tun da na zo ƙasar, shi ne mutum na farko da ya tambaye ni sunan 'yata.

Wata rana aka kawo kaya daga Yanbu, daga gidajen wasu Turawa da suka tashi. A ƙasan wani kwali na ga ɗan akwatin ƙarfe, girmansa bai wuce tafin hannu ba, fentinsa ya kware, da abin murɗawa guda ɗaya da maɓallin da ake takawa da ƙafa. Na ajiye gudumar. Feza ce.

Na san ta ne daga Malam Bala. A zamanin ƙuruciyarsa shi ke yi wa makaɗan otal-otal na Sabon Gari gyara, kuma har ya tsufa akwai matacciyar feza ɗaya a kan kantarsa. In kasuwa ta yi sanyi sai ya sauko da ita ya ba ni labari. Ya ce asali masu kiɗan ogan ne ke da wani ƙaton akwatin katako da lasifika ke juyawa a cikinsa, sautin ya riƙa zuwa yana komawa. Masu jita suka yi sha'awar sautin, amma akwatin sai ƙarti biyu sun kama. Sai wasu a Japan suka ƙera ƙarami, suka sa ɗan ƙwan fitila a tsakiya yana haske yana dushewa, da wasu idanu huɗu kewaye da shi masu jin haske. Bayan su Amurkawa suka ƙara matse shi har ya koma wannan da ke shiga aljihu. Abin da take yi, in ji shi, raba sautin jita take gida biyu, ta ɗan murɗe rabi, ta sake haɗa su, sai ka ji kiɗan yana lilo kamar ana juya ruwa a cikin tulu. Da sababbin na'urori suka fito sai kowa ya watsar da su.

Kwana uku na ɓoye ta a ƙarƙashin katifata. Na ɗauko wani ƙarfen dalma da na tsinta a cikin gwangwan na gyara, na buɗe ta, na sauya abu biyu da suka bushe, na sa batir. Akwai wata jita mai tsirkiya huɗu da ta daɗe a jingine a sito, da wata ƙaramar amfilifaya da na ƙi fasawa. Bayan la'asar na haɗa su, na taka maɓallin, na kaɗa tsirkiya ɗaya. Sautin ya tashi, ya karkata, ya dawo. Sai na ji ƙamshin shagon Malam Bala a hancina, dalma da ƙurar tsohuwar rediyo. Ban san Abu Rayan yana tsaye a bayana ba.

Bai yi faɗa ba. Ya karɓa, ya ɗauki hotonta, ya daɗe yana latsa waya. Na ga fuskarsa tana canzawa. Ashe abin da aka watsar a da, yanzu masu kuɗi ne ke farautarsa, kuma gwargwadon tsufanta gwargwadon darajarta. Kafin mako ya zagayo wani ya zo daga Jidda ya tafi da ita.

Bayan kwana goma Abu Rayan ya shigo da kwali biyu. Ɗaya cike da sababbin fezoji masu arha, ɗaya da fankon akwatuna irin ƙirar da. A ranar ce ya fara yi mini Hausa.

"Haladu, kai muhandis ne, injiniya, ba mai guduma ba. Ka mai da mini waɗannan tsofaffi."

Na ce, "Ya Ammi, wannan ai ha'inci ne."

"Sautin ba ɗaya ba ne?"

"Kusan ɗaya ne. Amma ba ita ba ce."

Ya yi murmushi. "Ba ka so ka ga bintinka, 'yar da aka haifa maka? Iƙamarka, takardar zamanka, ta kusa ƙarewa. In na sabunta, in ba ka hutun wata biyu, ka je Kano ka dawo. In ba ka so, khalas, ga gudumarka can."

Zan so in ce na yi kwanaki ina kokawa da zuciyata. Ban yi ba. Washegari na fara.

Kuma na iya, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Na cire wayoyin ciki na sa na tsofaffin rediyo, masu rigar zare. Na kankare dalma mai ƙyalli na sa wadda ta dushe. Akwatin kuwa in goge kusurwoyinsa da takardar yashi daidai inda takalmi zai ci, in jiƙa kusoshi a ruwan gishiri su yi tsatsa, in shafa ganyen shayi a cikin murfi, in bar su a kan rufin kwano rana ta dake su mako guda. Har ƙura nake tarawa daga cikin tsofaffin talabijin in hura musu. Shekara hamsin nake ƙerawa a kwana bakwai. Aka ba ni tebur da fanka. Yankan hannuna ya warke. Masu saye ba na ganinsu, suna Riyad da Jidda, na riƙa gaya wa kaina cewa masu kuɗi ne, ba za su ji a jikinsu ba.

Kuskurena shi ne, tun lokacin da na gyara ta farkon, ta gaskiyar, na ba da labarinta a gidan Hajiya Zainaba saboda murna. A ranar Dakta Mukhtar ya tsayar da lomarsa ya ce, "Feza? Mai abin murɗawa ɗaya?" Sai ya ba mu labarin wansa, Yaya Garba, wanda ya yi kiɗan jita a wani otal a Kaduna lokacin shi Dakta yana makarantar kwana. Da kuɗin kiɗan nan aka yi wa Dakta karatu. Dangi suka yi ta zagin Yaya Garba har ya sayar da kayansa ya koma tuƙin mota. Yanzu yana kwance a Zariya, ɓarin jikinsa ya shanye, ba ya magana.

"Shi ya koya mini kiɗa a ɓoye," in ji Dakta. "Ina da jita a gida. In na samu irin tasa, zan kaɗa masa waƙarsa in aika masa a waya. Ko bai yi magana ba zai ji. Malam Haladu, in wata ta sake faɗowa, ka tuna da ni."

Na yi ta kauce masa. Juma'a uku ban je Ƙurban ba. Sai ga shi wata Asabar da hantsi ya shigo sito da kansa, wai ya zo duba ko lafiya. Abu Rayan na nan. Kafin in tashi daga tebur har sun gaisa, har Dakta ya faɗi abin da yake nema. Abu Rayan ya shiga ofis ya fito da ɗaya daga cikin nawa, naɗe a tsumma.

Dakta ya karɓa da hannu biyu. Ya shafa wurin da na goge da takardar yashi, ya ce, "Allahu Akbar. Nan ne ƙafa ke ci. Ta Yaya ma haka ta yi." Ya juyo gare ni. "Ni ban san kan waɗannan abubuwa ba, kai ne masani. Ta zamanin ce?"

Abu Rayan yana bayansa, yana kallona, hannunsa a aljihun jallabiya.

Na ce, "Tsohuwa ce, Dakta."

Ya rungume ni. Da zai tafi ya ce in gai da Rabi da jaririya.

Daga ranar abinci ya daina shiga. In na tsaya salla a Harami sai in ji kunyar ɗaga kai. Na yi ƙarya a garin Manzo, ga mutumin da ya zauna kan jarka yana jiran in sha magani. Kullum in tambayi Abu Rayan maganar hutu, kullum ya ce bukra, gobe. Ya kawo kwali na uku. A nan na gane babu wani hutu, ba zai taɓa sakin hannun da ke yi masa wannan aiki ba.

Juma'a ta biyar bayan cinikin na je Ƙurban. Na jira aka watse, na bi Dakta har bakin motarsa.

"Dakta, fezar nan ni na yi ta. Sabuwa ce. Tsatsar ruwan gishiri ne."

Ya daɗe yana kallona. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Da ka ce mini ba ka sani ba, da ya fi." Ya shiga mota ya ja.

Na zaci fushin a kaina zai tsaya. Ashe kai tsaye wurin Abu Rayan ya nufa. Daga baya na ji cewa ba don kansa ya je ba, cewa ya yi a ba ni fasfo ɗina a sallame ni, in ba haka ba zai kai ƙara. Shi a tunaninsa taimakona yake. Da na dawo Jurf na tarar da jakata a waje, ƙofa a kulle. Wani Bangali da muke aiki tare ya leƙo ta taga ya ce mini, "Hurub." Abu Rayan ya riga ya kai rahoto cewa na gudu daga wurin aiki. Daga wannan sa'a na zama wanda ake nema. Ba mai ba ni aiki a fili, ba asibitin da zan shiga hankali kwance, ko ɗan sanda ya yi tari sai gabana ya faɗi.

Hajiya Zainaba ta ɓoye ni kwana huɗu a ɗakin da take ajiye buhunan shinkafa. Ta ce, "Ɗana, ba zan iya riƙe ka ba, jikokina suna tsoro." Ta haɗa ni da wani Adamu, mutumin Chadi, da ke kula da gonar dabino a Khaibar. A bayan motar ɗaukar taki na tafi, an rufe ni da buhuna.

Khaibar baƙin dutse ne ko'ina, sai dabino a cikin kwari. A can babu mai tambayar takarda, babu kuma mai tambayar sunanka. Aikin shi ne hawa bishiya da igiya a ƙugu, a sare busassun rassa, a cire ƙaya. Ban taɓa sanin ƙayar dabino ta kai tsawon yatsa ba. Wata biyar na yi. Rabi ta riƙa bugowa tana tambaya yaushe ne hutun, ina ce mata aiki ne ya yi yawa a shago. Ita har lokacin ta ɗauka ina cikin sanyi ina gyaran lasifikar masallaci.

Wata safiya igiya ta zame, na kai hannun dama in kama reshe. Ƙaya ta shige tsakanin babban yatsa da manuniya, ta karye a ciki. Adamu ya ciro abin da ya gani da allura, ya zuba ruwan gishiri, ya ɗaure. Kwana biyu hannun ya kumbura. Kwana shida ya zama kamar ba nawa ba, zazzaɓi ya rufe ni. Na ce ba za ni asibiti ba, kama ni za a yi. Adamu ya ce, "Kai ɗan Kano, gara kamu da kabari." Ya buga wa Hajiya waya ba da sanina ba.

Dakta Mukhtar ne ya zo, shi kaɗai, tun daga Madina. Ya kwance tsumman, ya duba, ya rufe ido. Ya wanke, ya yi mini allura, ya sa ni a mota. Wani abokinsa likita ya tsaga wurin ya fitar da guntun ƙayar. Hannun ya tsira, amma ruɓar ta riga ta ci jijiya. Babban yatsa da manuniya suka sandare a buɗe, ba sa haɗuwa.

Da na ɗan farfaɗo na ce masa na gaji, ya kai ni in miƙa kaina a mayar da ni gida. A hanyar zuwa can ne na yi ƙarfin halin tambayarsa.

"Dakta, yaya jikin Yaya Garba?"

"Ya rasu. Wata uku ke nan."

Na yi masa ta'aziyya. Muka wuce fitilar hanya biyu. Sannan ya ce, ba tare da ya dube ni ba:

"Tun kafin ka gaya mini gaskiya na riga na aika masa kiɗan. Da fezarka na yi. Matarsa ta ce da ta kara masa waya a kunne, ya buɗe ido, ya riƙa buga ƙafarsa mai lafiya a jikin gado, hawaye na zuba. Kullum sai an sa masa. Har ranar ƙarshe." Ya gyara riƙon sitiyari. "Shi da ya taka ta gaske shekara da shekaru, bai ji bambanci ba. Ni ne na je na yi hayaniya a kan tsatsa. Malam Haladu, ka yafe mini."

Na so in ce masa ni ne mai neman gafara. Na so in ce ba komai. Kafin in buɗe baki, sai ya miƙo mini gorar ruwa. Na karɓa, na sa hannun dama zan murɗe murfin, yatsun suka zame. Na sake gwadawa. Dakta ya gangara gefen titi ya tsaya, ya karɓa ya buɗe mini. Muka zauna a nan, motoci na wuce mu, dattijon nan ya kifa kai a kan sitiyari yana kuka.

Mako shida na yi a gidan da ake tara waɗanda za a mayar, sannan aka sa mu a jirgi. Fasfo ɗina bai taɓa dawowa hannuna ba, da takardar wucin gadi na shigo Kano. Abu Rayan, yadda na ji, ya samo wani daga wata ƙasa ya ɗora shi a teburina.

Yanzu ina Fagge. Malam Bala ya ba ni gefen barandar shagonsa, na kafa tebur ina sayar da batir da wayar caji. Ba na iya riƙe ƙarfen dalma, na gwada da hagu na ƙona abin mutane sau biyu na haƙura. Amma tsofaffin abokan ciniki ba su daina zuwa ba. Mutum ya kawo rediyonsa ko amfilifaya, in ce ya kunna, in kara kunne, in gaya masa abin da ya mutu a ciki da inda yake, sannan in nuna masa shagon da ke gaba. Wani lokaci sukan dawo su ce, "Malam Haladu, wallahi yadda ka faɗa haka aka tarar."

Sai in ce madalla, in tambaye su ko suna bukatar batir.